A Bar Rediyo Ya Kira Sunan Yaranmu Suna da Rai

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a bakin shagon wani tela a Tudun Wada, nan Gusau. Ƙaramin akwatin rediyonsa na rataye a ƙusa, ana sharhin wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙwallon unguwanni. Mun kai mu goma, har da wani ɗan acaɓa da ya kashe mashin ɗinsa ya zauna a kai. Kowa ya kasa kunne.

Sai ga wani dattijo da muke ganin girmansa ya zo karɓar ɗinki. Ya ɗan tsaya ya saurara, sannan ya ce: "Ku kashe wanga abu. Kullum ɗibar mutane akai bisa hanya, ku kuna nan kuna ihun an ci ƙwallo. In gidan rediyo na da hankali, wa'azi da addu'a ya kamata shi sa."

Tela ya ce, "To, Baba," ya rage murya, amma bai kashe ba. Ni ma ban tanka ba. Ba a musu da babba a gaban yara, kuma na san bara sai da ya sayar da gonarsa kafin ya fanso ƙanensa daga daji. Wanda ya ga irin wannan yana da hakkin ya ji haushin ihu.

Duk da haka maganar ta kwana a raina, kuma na wayi gari ban yarda da ita ba. Ra'ayina shi ne, wannan sharhin wasan yara da wasu ke gani kamar shiririta yana cikin abubuwa mafi amfani da gidajen rediyonmu ke yi a wannan hali da muke ciki. Kamata ya yi a ƙara shi, a gyara shi, a kai shi har ƙananan hukumomi. Kashe shi kuskure ne.

Yadda ake jin sunan garuruwanmu

Je ka Kano ko Abuja ka ambaci Zurmi, ko Tsafe, ko Shinkafi, ko Maradun, ka dubi fuskar wanda kake magana da shi. Ka ce Jangebe, ba abin da zai faɗo masa sai 'yan mata 279 da aka sace daga makaranta a watan Fabrairun 2021. Ka ce Bagega, sai gubar dalma da ta kashe ƙananan yara a 2010. Garuruwa ne masu tarihi da malamai da manoma da 'yan kasuwa, amma a kunnen duniya kowannensu ya koma sunan wata masifa.

Abin da ya fi damuna shi ne, a kunnen 'ya'yanmu ma haka abin yake. Yaron da aka haifa wajen 2011, lokacin da wannan fitina ta fara kama ƙasa, yau ya zama saurayi. Tun da ya yi wayo, in ya ji an ambaci ƙauyensu a rediyo, adadi ne ke biyo baya: an kashe kaza, an tafi da kaza, an kore shanu kaza. In kuwa sunan wani ɗan garinsu aka kira, to sanarwar rasuwa ce ko cigiya.

Sai wata rana ya ji murya daga cikin akwatin nan tana cewa ɗan Zurmi ya yanke mutum biyu, ya shiga da'ira, ya buga, ta shiga. Sunan garinsu ne, amma ba gawa a bayansa. Duk wanda ya ce wannan ƙaramin abu ne, bai zauna da waɗannan yara ba.

Abin da na gani a tsakar gidana

Akwai wata baiwar Allah da ke zaune a wani kango kusa da mu. Daga wani ƙauye na ƙasar Maru suka gudo, shekara biyu ke nan, bayan an kashe maigidanta a gona. Awara take soyawa tana sayarwa. Babban ɗanta ɗan shekara goma sha shida ne, yana tura baro a kasuwa da safe, da yamma ya tafi fili. A gefen hagu yake bugawa, da takalmin aro.

Ba ta taɓa zuwa filin ƙwallo ba, ba kuma za ta je ba. Ranar da ƙungiyar unguwarmu ta buga zagaye na biyu, ta shigo gidanmu niƙa waken suya. Matata ta soka abin kunne a ƙaramar wayarta don rediyon ya kama, ta saki muryar a fili, suna aiki suna ji. Can sai mai sharhi ya kira sunan yaron, ya sake kira, ya ja shi da tsawo har numfashinsa ya ƙare.

Matar ta saki abin da ke hannunta. "Wa anka ce? 'Yar uwa, ji mini, wa anka ce?"

Matata ta ce, "Yaya, shi ne. Shi ya ci."

Ta dafa bango ta zauna a kan turmi. Ba ta yi guɗa ba. Cewa kawai take, "Ɗana na. Cikin rediyo. Ɗana na." Da ta natsu ta shiga tambaya: mene ne bugun kwana, don me alƙali ke hura usur, su waye suke wasan da su. Tambayarta ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai. Ta ce, "To, yaushe za su sake?"

Shekara biyu muna maƙwabtaka, ban taɓa jin ta tambayi wata rana da ke gaba ba. Maganarta kullum ta yau ce: ko awarar za ta ƙare, ko mai kangon zai zo ya ce su tashi. Ranar nan ne ta fara lissafin kwanaki zuwa Asabar.

Wannan shi ne fatan da nake ganin sharhin nan na dasawa a zukata. Ba wai yaro zai tafi Turai ya gina wa uwarsa bene ba. A'a. A ce dai akwai wata rana a gaba da mutum yake jira ba da fargaba ba. A ƙasar da manomi ke shuka bai san ko zai girbe ba, ko sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa, jadawalin wasa alkawari ne cewa mako mai zuwa na nan tafe, kuma akwai abin yi a cikinsa.

"Ana makoki kuna wasa"

Wannan ita ce hujjar Baba, kuma ita ce mafi nauyi.

Amma mu duba abin da addininmu ya koya mana game da makoki. Kwana uku ne. Matar mamaci ce kaɗai ke takaba ta wata huɗu da kwana goma, ita ma tana da ranar fita. Shari'a ta yanka wa baƙin ciki iyaka saboda ta san ɗan Adam ba zai iya ɗaukarsa ba iyaka ba. Mu kuwa tamu masifar ta haura shekara goma. Shin za mu ce yara su zauna zaman makoki tun daga yaye har aure?

Rai dangin goro ne, sai da ban ruwa. Wanda aka hana shi dariya shekara da shekaru ba ya ƙara tausayi, bushewa zuciyarsa ke yi.

Kuma a duba su waye ke sauraron. Mai kuɗi yana da dish da janareta, in ya ga dama ya kwashe iyalinsa ya kai Abuja. Masu manne kunne a ƙaramin rediyo su ne waɗanda abin ya fi ci: 'yan gudun hijira, matan da ke cikin gida, tsofaffin da ƙafa ta gaza, maigadi, mai faci. Idan don mutunta waɗanda aka zalunta ne za a kashe shirin, to su ɗin ne za a raba da shi.

Ba kuma wanda ya ce a daina wa'azi ko labarai. Minti casa'in ne a mako. Sauran sa'o'in duk suna nan.

Me ya sa rediyo, ba waya kaɗai ba

Akwai samari da ke tsayawa a bakin fili da waya ɗaya da fawa-bank, suna haska wasa kai tsaye a Facebook, suna sharhi da bakinsu, rana na dukansu, data daga aljihunsu. Ina yaba musu ƙwarai. Ta hanyarsu ne ɗan Gusau da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal ke ganin ƙanensa a fili.

Sai dai mu 'yan Zamfara mun san abin da wasu ba su sani ba. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar nan baki ɗaya. Aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka rufe makarantu. Mutum sai ya shiga mota har Funtuwa don ya buga waya ɗaya ya dawo. A waɗannan makonni ba Facebook, ba WhatsApp. Rediyo kaɗai ya rage yana magana da mu, kuma kusan duk abin da ke bakinsa dokar hani ce da labarin farmaki.

Na tuna yaran unguwarmu a lokacin. Ba makaranta, ba kasuwa, ba waya. Fili kaɗai ya rage musu, suka yi ta buga ƙwallo har ta yage suka ɗinke. Tun daga nan na daina ganin filin nan a matsayin wurin ɓata lokaci.

Rediyo ba ya cin data. Batir biyu sun isa. Yana shiga ɗakin da mace ke kulle, yana kai wa ƙauyen da hanyarsa ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro. Mutumin Ɗansadau ba zai kama hanya don kallon wasa a Gusau ba, kuma bai kamata ya kama ba. Amma muryar za ta iya zuwa masa.

"Ai ga ƙwallon Turai nan"

Gaskiya ne, gidajen kallo cike suke duk Asabar da Lahadi. Ni ma ina shiga. Amma ka samu yaro a Sabon Gari ka tambaye shi, zai lissafa maka 'yan benci na Arsenal ko Real Madrid, bai san sunan golan unguwar da ke maƙwabtaka da su ba. Ya iso gida yana murnar nasarar mutanen da ba su san akwai wani gari wai shi Gusau ba.

Ƙwallon Turai na koya wa yaro cewa abin kirki a can nesa yake faruwa, shi ɗan kallo ne. Sannan a gefenta shagunan caca suka yi sansani, suna cinye ɗan abin da ya samo a baro ko acaɓa. Wasan unguwa kuwa cewa yake masa: kai ma ana iya kiran sunanka.

Ga maƙwabtanmu Kebbi. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne. A watan Mayun 2022 shi ya ci ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar Fotugal, a gidan Benfica, ana dab da tashi. A ranar duk Arewa ta yi ta yaɗa hotonsa. Amma kafin Fotugal ta san shi, a ƙurar filayen gida ya fara. Mu nawa muka ji sunansa a lokacin? Sai da Turawa suka kira shi muka amsa. Haka Shehu Abdullahi na Sakkwato, wanda ya ciyo tagulla tare da Najeriya a gasar Olamfik ta 2016. Yaranmu ne, amma daga bakin wasu muka fara jin darajarsu.

A nan dole in ja birki, don kada a ce ina sayar wa yara mafarki. Cikin dubu da ƙyar ɗaya zai kai ko da Zamfara United, balle Turai. Kuma akwai 'yan damfara da ke yawo da sunan wakilai, suna karɓar kuɗin iyaye wai za su kai yaro gwaji waje. Mai sharhi na gari shi ya fi kowa damar faɗa wa yara wannan gaskiyar a lokacin hutun rabin lokaci, da muryar da suka riga suka amince da ita: ka buga ƙwallonka, amma kada ka saki makaranta, kada ka saki sana'a, kada babanka ya sayar da akuya don wani ya nuna masa takarda mai tambari.

Inda masu sukar suka yi gaskiya

Akwai wani nau'in sharhi da ni ma nake ƙi, kuma yana da yawa.

Da zarar zaɓe ya matso, sai kofuna su yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, kowanne da sunan ɗan takara. A sayi lokaci a rediyo. Mai sharhi ya kama makirufo, ya ambaci mai kofin sau arba'in, da matarsa, da yaransa na siyasa, da wanda ya kawo ruwan leda. Yaran da ke zuba gumi a fili kuwa sai dai ka ji "mai lamba tara ya ba mai lamba goma". Ko sunansu bai nema ba. Zaɓe na wucewa, kofin ya mutu, wani lokacin ma kyautar da aka yi alkawari ba ta fito ba.

Wannan cin amanar yara ne. An ari ƙafafunsu an yi talla. Idan irin wannan Baba ke nufi, ina bayansa. Kuma wanda ya ce masu mulki na son a shagaltar da mu da wasa don mu manta da tambayar ina tsaro, ina makaranta, ina aikin yi tun da masaƙar Gusau ta durƙushe, shi ma bai yi ƙarya ba. Ba na cewa ƙwallo za ta kori ɗan bindiga daga daji, ko ta sauke farashin masara. Hakkin da ke wuyan gwamnati yana nan a wuyanta ko an buga wasa ko ba a buga ba.

Amma maganin wannan gyara ne. Mai sharhi ya je fili da wuri, ya karɓi takardar sunaye daga hannun kowane koci, ya tambayi kowane yaro sunansa da na unguwarsu ko ƙauyen da ya fito. Aikin rabin sa'a ne. Kuɗin shirin kuma kada a jira shi daga ɗan siyasa kaɗai. Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada, gidajen rediyo ma da ƙyar suke riƙe injinsu. To mai gidan burodi, da mai shagon magani, da ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi, da masu sayar da kayan gini, in suka haɗa hannu za su iya ɗaukar nauyin wasa ɗaya a mako, a ambace su sau biyu a wuce. Su ba sa ɓacewa bayan zaɓe.

Mu fa wannan abu ba baƙonmu ba ne. A fagen dambe da kokawa, me makaɗi ke yi in ba kiran suna ba? Ya kira ɗan wasa, ya kira ubansa, ya kira garinsu, har tsikar jikin mutanen garin ta tashi. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa matashi na buƙatar a yi masa kirari a bainar jama'a. Mai sharhin ƙwallo magajin wannan aiki ne, makirufo kawai ya canza. In mutanen kirki ba su kira sunan yaro don abin kirki ba, akwai waɗanda ke jira a daji su ba shi laƙabi da bindiga.

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba. Wannan fitina ta raba Bahaushe da Bafulatani a wuraren da kakanninsu suka zauna tare, suka yi auratayya. Yaron Fulani da iyayensa ma aka kore wa shanu, ya shigo gari yana tafiya a ɗarare, don ya san irin kallon da ake masa. A ƙungiyar unguwarmu golanmu irin wannan yaron ne. Ranar da ya tare fenareti, mai sharhi ya kira sunansa, unguwa ta ɗauka, har da mutanen da na san irin maganar da suke yi kan Fulani a majalisa. Ban ce zukata sun wanke a yammaci ɗaya ba. Amma kowa ya ji wannan suna a rediyo cikin yabo, kuma ba a iya mayar da ji.

Ga masu cewa ƙwallo na hana yara salla da Islamiyya, wannan batun tsari ne: a fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba, a kauce wa ranakun karatu. Ko don tsaro ma ba mai son yara su kai duhu a fili. 'Yan mata kuma har yanzu ba a yi musu komai ba. Makarantunsu na yin wasannin gidaje, ana tsere ana tsalle a cikin harabarsu, iyaye na son ji. Ko sakamakon kawai aka karanto da sunayensu, an fara.

Wasan da muka saurara a shagon tela, na ƙungiyar unguwarmu ne, kuma an cinye mu biyu da ɗaya. Yaron maƙwabciyarmu ya ɓarar da wata a minti na ƙarshe, mai sharhi ya kira sunansa a nan ma. Bayan isha'i na same shi a bakin kango ya haɗa kai da gwiwa yana kuka, takalmin aron na gefensa. Na ce, "Haba ɗana, tashi, gobe ma rana ce." Bai ɗago ba.

Uwar ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, ƙyale shi ya yi. Tun da munka baro gida ban ga ya yi kukan abin da ba mutuwa ba sai yau."

Za su buga wasan neman na uku ranar Asabar, ƙarfe huɗu da rabi. Ta riga ta gaya wa matata ta cika wayar da caji tun ranar Juma'a, don ba a san ko za a kawo wuta ba.